Jan-baki da Jemage: Wanda Muke Kora da Wanda Muka Raina



A ƙarshen damina, lokacin da hatsi ya fid da kai ƙwayarsa ta fara ƙosawa, manoman da ke kusa da ruwa ba sa samun barcin kirki. Daga kwarin Komadugu zuwa gaɓar Tafkin Cadi, daga fadamun Haɗeja da Nguru zuwa gonakin shinkafa na bakin kogin Kwara, tun da jijjifi ake tada yara su tafi gona da gwangwani da majajjawa, domin baƙin da ake tsoro ba sa sallama. Daga nesa ana hango su kamar hayaƙin gobarar daji, su yi sama su yi ƙasa, su murɗe kamar guguwa, sa'an nan su zube kan zangarniya gaba ɗaya. Waɗannan su ne tsuntsayen jan-baki.

Da magariba kuma, a birane irin su Akara da Kumasi da Yawunde da Wagadugu, akwai wata rundunar da ke tashi daga kan manyan itatuwa. Duk wanda fatauci ko karatu ko ziyarar dangi ta kai shi can a lokacin da suke gari ya ga yadda suke rufe sararin sama, dubbai bisa dubbai, suna tafiya kiwon dare. Su ne manyan jemagu masu cin ƴaƴan itace, masu gashi ruwan busasshen kara.

Da za a tambaye mu wanne daga cikin biyun nan ya fi kusa da ƙarewa, da yawancinmu sun yi dariya. Sai mu ce ai ko wannensu ya fi ƙarfin ƙirga. In ma akwai mai ƙarewa, to jan-baki ne, tun da shi ake yaƙa da jirgin sama da guba. Amma masana da suka daɗe suna bin sawun halittun nan sun ce akasin haka ne: jan-baki yana zaune lafiya, jemage kuwa ya fara gangarawa. Mun ga ya dace mu duba dalili, saboda maganar ta taɓa rumbunmu, ta kuma taɓa tukunyar miyarmu.

Yadda masana ke jera halittu

Idan Bahaushe ya sadu da baƙo, yakan tambaye shi ƙasarsu, da garinsu, da unguwarsu, da gidansu, har ya kai ga sunan mahaifinsa. Haka masana ilimin halittu suke yi wa kowane abu mai rai. Suna farawa daga babban taro, su yi ta tankaɗewa har su iso ga iri guda: masarauta, reshe, aji, rukuni, dangi, gida, sa'an nan iri.

Wanda ya daidaita wannan tsari shi ne Carl Linnaeus, masani ɗan ƙasar Suwidin. A littafinsa na 1758 ya bai wa kowace dabba suna mai kalma biyu da harshen Latin, ta farko sunan gida, ta biyu sunan iri. Amfanin haka a fili yake: tsuntsu ɗaya yana da suna a Hausa, da wani a Zabarmanci, da wani a Barbarci, da wani a Faransanci, amma sunansa na ilimi ɗaya ne a duk duniya. Na jan-baki shi ne Quelea quelea. Na babban jemage kuwa Eidolon helvum.

A matakai biyu na farko, jan-baki da jemage tafiyarsu ɗaya: dukansu dabbobi ne, dukansu masu ƙashin baya ne. Daga mataki na uku hanya ta rabu, ba ta kuma sake haɗuwa ba.

Gidan su jan-baki

Jan-baki yana cikin ajin tsuntsaye, wato masu gashin fiffike, masu baki marar haƙori, masu saka ƙwai. A cikin tsuntsayen duniya, waɗanda irinsu ya kai wajen 11,000, yana cikin rukunin da ya fi kowanne girma, wanda ya ƙunshi fiye da rabinsu. Alamar wannan rukuni tana ƙafa: yatsu uku suna duban gaba, ɗaya yana duban baya, abin da ke ba su damar riƙe reshe ko karan ciyawa gam ko da suna barci.

A cikin rukunin akwai babban sashen da ake kira tsuntsaye mawaƙa. Kada sunan ya ruɗe mu. Ba daɗin murya ake dubawa ba, ƙirar maƙogwaro ake dubawa, domin suna da wata gaɓar sauti a ƙasan maƙoshi mai tsokoki da yawa, wadda ke ba su ikon sarrafa murya. Saboda haka kanari da muke sakawa a keji don waƙarsa mawaƙi ne, jan-baki mai yawan surutu mawaƙi ne, kai har hankaka da muryarsa ta gwangwani a cikin mawaƙa masana suka lissafa shi.

Danginsa kuwa su ne tsuntsaye masaƙa, masu saƙa sheƙa da ɗanyar ciyawa. Tsawonsa bai wuce santimita 12 ba, nauyinsa kuma tsakanin giram 15 ne da 26. A lokacin haihuwa namiji yakan yi ado, fuskarsa ta yi baƙi ko fari, kansa da ƙirjinsa su yi ja-ja ko rawaya-rawaya, ita kuwa mace bakinta ya juya daga ja zuwa rawaya. Ya kasu kashi uku: na yammacin Afirka daga Sanagal zuwa Cadi, wanda shi ne namu, na gabas daga Sudan zuwa Somaliya da Tanzaniya, da na kudancin nahiyar. An ƙiyasta yawansa bayan lokacin ƙyanƙyasa ya kan kai biliyan ɗaya da rabi, shi ya sa ake ɗaukarsa tsuntsun dajin da ya fi kowanne yawa a doron ƙasa.

Asalin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce. Hatsi da dawa da shinkafa da alkama yakan faɗa musu ne idan ta daji ta yi ƙaranci, ko kuma idan ya tarar da su a kan hanyarsa. Amma faɗawar ba ta wasa ba ce. Ana ƙiyasta tsuntsu ɗaya yana cin wajen giram 10 a yini. Idan garke ya kai miliyan biyu, to tan 20 ke nan a rana guda, wato buhu 200 masu kilo ɗari-ɗari, ban da abin da suka zubar a ƙasa. Wanda ya taɓa tsayawa a gonar da suka bari, ya ga zangarniya tsaye babu ƙwaya, ba ya bukatar a yi masa lissafi.

Gidan su jemage

Dukanmu mun ji tatsuniyar jemage da haraji. Da masu karɓar harajin tsuntsaye suka zo, ya buɗe baki ya nuna musu haƙora da kunnuwa, ya ce shi dabba ne. Da na dabbobi suka zo, ya buɗe fiffike ya ce shi tsuntsu ne. Ba kakanninmu kaɗai abin ya ɗaure wa kai ba. Har a Turai akwai masanan da suka jera shi cikin tsuntsaye a littattafansu na ƙarni na 16.

Yau babu gardama a kan wannan. Jemage yana cikin ajin dabbobi masu shayarwa. Jikinsa gashi ne irin na dabba, yana da haƙora, ba ya saka ƙwai, haihuwa yake yi, uwa kuma ta shayar da ɗanta nono. Ta fuskar ƙirar jiki ya fi kusa da akuya da raƙumi a kan kusancinsa da jan-baki. Fiffikensa ma hannu ne: yatsu huɗu ne suka yi tsawo ƙwarai, aka shimfiɗa siririyar fata a tsakaninsu har zuwa ƙafa, babban yatsa kuma ya rage da farce don kama reshe. Shi ya sa sunan rukuninsu na ilimi, Chiroptera, ma'anarsa da harshen Girka “hannu-fiffike”. Cikin dukan masu shayarwa, jemagu kaɗai ke tashi sama da ƙarfin fiffikensu. Irinsu ya haura 1,400, wato wajen ɗaya cikin biyar na dukan dabbobi masu shayarwa.

Ya kamata mu rarrabe iri biyu da muke haɗawa da suna ɗaya. Akwai ƙananan da ke kwana a rufin ɗaki da kogon itace da tsofaffin gine-gine. Waɗannan ƙwari suke ci, suna kuma gane hanya a duhu ta hanyar sakin ƙara mai kaifi su saurari amsa-kuwwarta. Akwai kuma manya masu cin ƴaƴan itace, masu fuska kamar ta ɗan kare da manyan idanu; su da gani da sansana suke neman abinci. Wanda muke magana a kansa yana cikin na biyun. An bayyana shi a littattafan ilimi tun 1792. Nauyinsa tsakanin giram 230 ne da 350, wato jemage ɗaya ya fi jan-baki goma nauyi, faɗin fikafikansa kuma yakan kai wajen santimita 80.

Akwai maganar da muka gada cewa jemage ta baki yake bayan gida. Ba haka ba ne, amma wanda ya fara faɗar haka ya lura da wani abu na gaskiya. Jemage yakan tauna ɗan itace, ya matse shi da harshe a dasashi, ya haɗiye ruwan da ƙananan ƙwayoyi, sa'an nan ya tofar da tuƙar. Ita ce ake gani a gindin itace da safe.

Shi ma matafiyi ne. A Afirka ta Yamma yakan taru a biranen kudu da rani, idan ruwa ya sauka ya biyo tsiron itatuwa zuwa arewa, har cikin Sahel. A gandun dajin Kasanka na ƙasar Zambiya, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, miliyoyinsu ke taruwa a wata ƴar kurmi da ba ta wuce hekta kaɗan ba, taron da ake lissafawa cikin mafi girman ƙaurar dabbobi masu shayarwa a duniya. Wani da aka ɗaura wa na'urar bin sawu daga can ya yi tafiyar fiye da kilomita 2,000 cikin ƴan watanni.

Jan Kundi da matakansa

Akwai wata ƙungiya ta duniya mai kula da kiyaye halittu, wadda aka kafa a Faransa a 1948, mai hedkwata a Suwizalan, wadda masu Faransanci suka sani da UICN. Tun 1964 take riƙe da wani kundi da ake kira Jan Kundi, inda masana ke auna halin da kowane iri yake ciki. Zuwa yanzu an auna iri fiye da 160,000, an kuma tarar fiye da ɗaya cikin huɗu suna fuskantar barazanar ƙarewa.

Ban da waɗanda ba a auna ba da waɗanda bayaninsu bai wadata ba, matakan bakwai ne, kamar tsani mai gangarawa rijiya. Na farko, babu damuwa. Na biyu, dab da shiga haɗari. Na uku, mai rauni, kamar dorina da raƙumin dawa. Na huɗu, cikin haɗari, inda aka sanya giwar dajinmu a 2021. Na biyar, cikin matsanancin haɗari. Na shida, ya ƙare a daji sai a hannun masu kiwo. Na bakwai, ya ƙare ƙaf, kamar karkandar yammacin Afirka, wadda aka yi wa ganin ƙarshe a arewacin Kamaru, aka kuma tabbatar da ƙarewarta a 2011.

Jan-baki yana mataki na farko. Babban jemage kuwa da can shi ma yana nan, amma a 2008 aka sauko da shi mataki na biyu, da aka sake aunawa a 2020 kuma aka bar shi a can.

Abin lura shi ne ma'aunin da ake amfani da shi. Ba yawan da ido ke gani kaɗai ake dubawa ba. Ana duba ko yawan yana ƙaruwa ko yana raguwa, da saurin raguwar cikin shekara 10 ko cikin zuriya uku, duk wanda ya fi tsawo. Irin da ya ragu da kashi 30 cikin 100 a wannan tsakani, dalilin raguwar kuma bai gushe ba, ya shiga sahun masu rauni ko da ya kai miliyoyi. Ga babban jemage zuriya uku wajen shekara 15 ne, kuma ƙiyasin raguwarsa ya matso kusa da wannan iyaka. Attajirin da ke kashe fiye da abin da yake samu, ko rumbunansa sun kai ɗari, tsiya na hanya. Mai ƙaramin jari da ke juyawa kullum kuwa ya fi shi kwanciyar hankali.

Lissafin haihuwa

A nan asirin yake. Idan ruwa ya sauka ciyawa ta yi kyau, jan-baki sukan sauka a dajin ƙaya su yi sansani, wani lokaci sheƙa ɗaruruwa a kan itace guda. Namiji yakan gama saƙa cikin kwana biyu ko uku. Mace ta saka ƙwai, galibi uku. Cikin wajen kwana goma sun ƙyanƙyashe. Iyaye su ciyar da su da fara da tsutsa da ɗanyar ƙwayar ciyawa, cikin mako biyu ko ɗoriya kaɗan sun bar sheƙa. Duka aikin bai wuce mako shida ba. Daga nan iyayen su bi ruwan sama zuwa wani wuri, in sun dace su sake yin wani zagayen a shekarar. Ƴaƴan kuma kafin shekara ta zagayo sun isa haihuwa.

Saboda haka ne yaƙin da ake yi da su bai taɓa karya su ba. Tun 1965 ƙasashen yankinmu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta yaƙi da fari da tsuntsaye, OCLALAV. An yi feshin guba da jirage, an tayar da wuta a makwancinsu, an kashe miliyoyi masu yawa a faɗin Afirka shekara da shekaru. A wajen Injamena, masu tarko na ƙabilar Hajarai suna kama miliyoyi da raga kowace shekara, a soya a kai kasuwa. Duk da haka damina ɗaya mai albarka ta isa ta mayar da gurbin. Dalili kuwa, ko ba a taɓa su ba, kaso mai yawa yakan mutu kowace shekara saboda yunwar farkon damina, lokacin da ƙwayar ciyawa ta tsira ta daina ciwuwa. Sau da yawa wanda guba ta kashe, da ma yunwa za ta kashe shi.

Mu juya ga jemage. Mace ba ta fara haihuwa sai ta kai wajen shekara biyu. Daga nan ɗa ɗaya tak take haifa a shekara. Daga barbara zuwa haihuwa wajen wata tara ne, domin cikin yakan tsaya na wasu watanni kafin ya ci gaba da girma, don haihuwar ta dace da lokacin wadatar abinci. Ɗan yakan manne a ƙirjinta, ta tashi da shi zuwa kiwo har ya yi ƙwari. Idan aka bar shi, jemage yakan wuce shekara goma a raye. Tsawon rai ne jarinsa, ba yawan ƴaƴa ba. To, wanda ya harbe mace mai ciki ko mai goyo, rai biyu ya ɗauke, da duk haihuwar da za ta yi nan gaba.

Ga shi kuwa ana harbin. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya ƙiyasta ana sayar da aƙalla jemagu 128,000 a shekara don nama a kasuwannin kudancin Gana kaɗai. Ɗabi'arsa ta taruwa wuri guda, wadda ke sa mu ga kamar ba ya ƙarewa, ita ce ke sauƙaƙa wa mafarauci. Ga kuma saran manyan itatuwan da yake kwana a kai, don faɗaɗa hanya, ko gini, ko kawai don a huta da hayaniyarsa. Idan jemagun yanki guda duk a itatuwa ashirin suke kwana, to gatari ɗaya ya isa ya tarwatsa su.

Abin da yake yi mana cikin dare

Sai wani ya ce, to in ya ƙare sai me? Ba ya ɓata mana mangwaro? Ba ya damun mu da ƙara da wari, ya karya rassa? Gaskiya ne, yana yin duk wannan, mai lambu kuma yana da hujjar kuka. Amma mu leƙa madafa tukuna.

Furen kuka fari ne, babba, yana rataye ƙasa, ba ya buɗewa sai da yamma, yana da wani wari mai tsami, kafin wata yammar kuma ya yi yaushi. Furen dare ne, kuma a yankinmu jemagu masu cin ƴaƴan itace suna cikin manyan masu ziyartarsa. Suna lasar zaƙinsa, garin furen ya manne a gashinsu, su kai wa wata kukar. Ta haka ake samun ƴaƴan kuka, daga cikinsu kuma ake samun kukokin gobe da jikokinmu za su ci ganyensu. Haka tutun ɗorawa, wanda ke zubo ruwan zaƙi da dare: jemagu manya da ƙanana suna cikin masu yi masa wannan hidima, tare da zuma. Babu barbarar fure babu kalwa, babu kalwa babu daddawarta. Rimi ma haka. Kaɗanya kuwa sukan ci naman ɗanta su yar da ƙwallon nesa da uwar, inda zai sami sararin tsira.

A kudu, jemagen nan yana cikin manyan masu yaɗa irin loko, itacen katako mai tsada. Masu bincike da suka bi jemagun Akara da na'ura sun gano suna iya kai ƙananan ƙwayoyi har nisan kilomita 75 daga inda suka ci, sun kuma ƙiyasta cewa sansani mai jemagu wajen 150,000 yana watsa ƙwayoyin iri fiye da 300,000 a dare ɗaya. A ƙasashen da ake kashe kuɗi ana rainon dashe don tare hamada, ga ma'aikacin da ke shuka kowane dare ba da lada ba.

Darasin angulu

Wanda ke shakkar cewa abu mai yawa yana iya ɓacewa, ya tambayi dattijon gidansu labarin angulu. Shekaru kaɗan da suka wuce babu mahautar da ba ta cika da su ba, babu kasuwar da ba sa yawo a cikinta kamar kaji. Ba wanda ya taɓa tunanin ƙirga su. A Jan Kundi ma suna matakin babu damuwa. A 2011 aka mayar da su cikin haɗari, a 2015 kuma cikin matsanancin haɗari, saboda guba, da farautarsu don tsibbu, da saran itatuwan da suke sheƙa. Ita ma angulu ƙwai ɗaya take sakawa. Yau akwai yaran da suka san ta a karin magana kawai.

A Amurka an taɓa yin wata kurciyar daji da yawanta ya kai biliyoyi, garkenta yana rufe rana. Ita ma ƙwai ɗaya take sakawa, ita ma taruwa take wuri guda. Aka yi ta harbi ana lodawa a jirgin ƙasa, har ta ƙarshe ta mutu a gidan ajiye namun daji a 1914. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai dai ana iya hawowa tsanin kamar yadda ake gangara shi. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, sun ragu har saura 49 a 1996. Da hukuma da mutanen ƙauyukan suka haɗa kai aka daina taɓa su, sun haura 600. Dabba mai jinkirin haihuwa ba ta bukatar abu mai yawa daga gare mu. A ƙyale ta kawai ta yi tsawon ranta.

Abin da ya rage gare mu

Game da jan-baki, kare gona haƙƙin manomi ne, babu mai cewa a zuba ido. Amma tun da an ga ba a ƙarar da shi, hikima ita ce a kare amfanin gona maimakon a yi ta neman ƙarar da tsuntsu. Maƙwabta su yi shuka lokaci guda don kada gonar mutum ɗaya ta zama ita kaɗai ke nuna. A yi noma da kyau, domin ciyawa mai ƙwaya tana jawo su. A yi girbi da zarar amfani ya ƙosa. A sanar da ma'aikatan gona da wuri idan an ga sansani. Mu kuma sani cewa gubar da ake fesawa, wadda ake kira fenthion, ba ta tambayar suna: tana kashe shaho da shirwa da sauran tsuntsaye masu amfani. Kada a bar yara su tsinci tsuntsayen da feshi ya kashe, balle a kai su tukunya.

Game da jemage, abin da ake nema a gare mu bai da wuya. Kada a sare itacen da suke kwana a kai sai da larura ta gaske. A hana yara harbinsu da danƙo don wasa. Mai lambu ya tsinke mangwaronsa da ya ƙosa kafin ya nuna a kan itace. Kada kuma a taɓa jemage da hannu, rayayye ko matacce, domin yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Tun 1956 aka gano wata mai dangantaka da ta haukan kare a jikin wannan iri a Legas. Wanda jemage ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu sosai, ya tafi asibiti a ranar. Ɗan itacen da aka tarar da alamar haƙori a jikinsa, a bar wa ƙasa. Nisantarsa kariya ce gare mu, kariya ce kuma gare shi.

Wannan damina, idan yara suka dawo daga korar tsuntsaye, magariba ta yi jemagu suka fara gilmawa, mu zaunar da su mu tambaye su wanne ne tsuntsu wanne ne dabba, wanne ke da ƴaƴa da yawa wanne ke da ɗa ɗaya. Sa'an nan mu nuna musu kukar da ke bayan gari, mu tambaye su wa suke jin ya yi mata hidima har ta haihu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gonakinmu da itatuwanmu. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.